Ɗan yayata da mutanen da ba sa jin maganarsa a mitin

Ɗan yayata ne, a gabana ya tashi, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Da izininsa nake rubutawa, sharaɗinsa biyu ne kawai, kar in kama sunansa kar in kama sunan kamfanin, kuma na yarda don har yanzu a can yake cin abinci. Abin da ya sa na dage sai na rubuta shi ne yaranmu da yawa yanzu suna koyon rubuta manhaja, kowa maganar yadda za su samu aiki yake musu, amma ban taɓa jin wanda ya zaunar da su ya faɗa musu abin da za su tarar bayan sun samu ba, balle ɗan ƙauye da zai zauna a zauren gidansu yana aiki da mutanen da ko a taswira ba su taɓa ganin garinsu ba.

Muna wani ƙauye ne tsakanin Ringim da Taura. Ni ina koyar da kwamfuta a sakandare, da yamma kuma ina da ɗan shagon fotokofi da buga takardu, to a shagon nan ya fara taɓa kwamfuta tun yana aji uku. Ya yi difloma a makarantar kwamfuta ta Informatics da ke Kazaure, ya dawo gida ya yi kusan shekara biyu ba aiki, da rana yana taya ni shago da daddare yana koyon haɗa manhajar Android a YouTube da datar dare. Da gwamnatin tarayya ta fito da shirin 3MTT na koya wa matasa fasahar kwamfuta a ƙarshen 2023 ya cike, Allah ya sa sunansa ya fito, kuma a guruf ɗinsu ne ya ga tallan aikin. Watan Afrilun 2024 wani kamfani a Legas ya ɗauke shi, aiki daga gida. Kamfanin yana ba manoma taki da iri da maganin feshi bashi a biya bayan girbi, suna da ejan-ejan a ƙauyuka masu yi wa manoma rajista da rabon kaya da waya, to manhajar da ke cikin wayar ejan ɗin ita yake aiki a kai. Ranar da albashin farko ya shigo, Yaya har kuka ta yi.

Su bakwai ne a ɓangarensu. Akwai manaja, mace ce, ba ta da mugunta sai dai aiki ya mata yawa. Akwai babban injiniyansu da suke cewa sinya, shi yake riƙe da saba, wato babbar kwamfutar da duk bayanan manoma suke taruwa, kuma ba a haɗa aikin kowa sai ya sa hannu. Akwai mai gwaji, wato mai gwada manhajar ta gano kurakurai, 'yar Inugu, sai sauran, cikinsu har da wani Bahaushe ɗan cikin birnin Kano da yake zaune a Legas, wanda da farko yaron ya yi ta murna wai ya samu ɗan gida.

Rainin ba zagi ba ne fa. Da zagi ne ma da sauƙi, ka san abin da za ka kai ƙara a kai. Kullum ƙarfe tara da rabi suna mitin na minti 15 a Google Meet kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da wanda zai yi yau, in aka zo kansa kafin ya kai ƙarshe sinya zai ce to na gaba. Ya kawo shawara a yi tsit, bayan minti biyar wani ya maimaita ita ɗin dai da wani Turancin sai ka ji ana cewa kai wannan dabara ce. Aikin da ya tura GitHub, wato shafin da suke tara aikin manhajar, a duba ya kwana huɗu ya kwana biyar ba wanda ya leƙa, na wasu kuma awa biyu an gama, in an leƙa ɗin ma kalma ɗaya zai gani, wai a sake, ba a ce me za a sake ba. Wata rana ya manta bai kashe mayik ba zakara ya yi cara a tsakar gida, aka yi ta dariya, daga ranar wani a cikinsu ya daina kiran sunansa ya koma ce masa aboki. Mu a nan aboki kalma ce mai daɗi, amma duk wanda ya taɓa zama a kudu ya san in aka ce maka ita a can me ake nufi, mai gadi, mai shayi, mai wankin takalmi, wanda bai san komai ba. Shi kuma sai ya taya su dariyar don kar a ce ba ya son wasa.

Ni ban gane wani ɓangare na matsalar ba sai ranar da wutarsu ta lalace ya zo shago ya yi mitin a kusa da ni. Na kasa kunne. Da aka zo kansa sai ya fara da gaisuwa, ya yi godiya, ya ba da haƙuri, yace wataƙila ni ne ban gane ba, in ba damuwa ina so in ɗan yi magana a kan wani abu, kafin ya kai ga abin kansa ya ci kusan minti ɗaya, sabis kuma ya fara yanke muryarsa. Sinya ya katse shi yace a bar wannan tukunna, shi kuma yace to. Wallahi a nan jikina ya yi sanyi, domin wannan to ɗin mu muka koya masa. A wajenmu kowa ya san akwai to ɗin na ji na yarda, akwai kuma to ɗin ban yarda ba amma ba zan yi musu da kai a gaban mutane ba, kuma babba mai hankali yana rarrabewa, anjima zai kira yaron gefe ya ce me kake so ka ce ɗazu. Su ba su san wannan ba, a wajensu wanda ya ce to ya janye maganarsa kenan, wanda ya fara da wataƙila ni ne ban gane ba kuwa to lallai bai gane ba ɗin. Mun ce masa kar ka katse babba, kar ka zuba masa ido, kar ka yabi kanka, kuma har gobe ban ce tarbiyyar nan aibu ce ba, ina alfahari da ita a jikinsa, amma mun tura shi wurin da ake auna mutum da yadda ya riƙe maganarsa cikin daƙiƙa talatin ba mu gaya masa ba.

Abin da ya fi cinsa a rai dai wata matsala ce da ya hango tun watan Agusta. Bari in yi bayaninta don ita ce tsakiyar lamarin. In ejan ya ba manomi buhu biyu na taki zai danna maɓallin tabbatarwa, saƙo ya tafi saba, saba ta rubuta wa manomin bashin buhu biyu, ta dawo da amsa cewa an rubuta. A Legas duk wannan ƙiftawar ido ce. A wajenmu kuwa, inda wayarka za ta wuni da harafin E a saman allo, saƙon yana iya isa lafiya amma amsar ta maƙale a hanya, manhajar ta jira daƙiƙa goma ta gaji ta ce an samu matsala a sake gwadawa, ejan ya sake dannawa, saba kuma ba ta san saƙon ɗazu ne ba sai ta sake rubutawa. Manomi ya tafi gida da buhu biyu, littafin kamfani ya ce huɗu. Maganin ba shi ya ƙirƙiro ba, sanannen abu ne a aikin: wayar ta fara haɗa wa kowane rabo wata lamba da ba za ta taɓa maimaituwa ba, irin wadda suke cewa UUID, ta aika tare da saƙon, in saba ta ga lamba ɗaya sau biyu ta san abu ɗaya ne, sannan a riƙa ajiye rabon a cikin wayar a SQLite, wato ɗan rumbun ajiye bayanai, ya jira har sabis ya dawo maimakon a sa ejan ya tsaya yana ɗaga waya sama a rana.

Akwai wasu ƙanana biyu da ya haɗa da ita. Wurin rubuta suna ba ya karɓar alamar nan ta sama, to duk wani Sa'idu da Mu'azu da Rabi'u da Sa'adatu sai manhajar ta ce sunan ba daidai ba ne, ejan ya ɗauka waya ce ta lalace. Sannan sun tsara kowane manomi da lambar wayarsa shi kaɗai, alhali a nan gida guda waya guda ce, uba da 'ya'yansa uku kowa da gonarsa amma layin ɗaya ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, yaron nan da mutanen yake sallah a masallaci ɗaya.

Ya buɗe tikiti, wato rahoton matsala da ake shigarwa don a gyara, ya rubuta. Sinya ya amsa da layi biyu, wai irin abin nan ne da ke faruwa sau ɗaya a shekara, ba mu da lokacinsa, ejan-ejan su nemi wuri mai sabis, ya rufe tikitin. Ɗan Kanon nan kuma ya biyo shi ta gefe da Hausa yace kai ma ka dawo birni mana kowa ya huta, ka ishi mutane da matsalar ƙauye.

Da ya kawo min kuka nace masa ya yi haƙuri. Nace aikin wani kake yi, ka faɗa ba a ji ba ka fita haƙƙi, ka tuna shekara biyun da ka yi a zaune, ka tuna mahaifiyarka. Ya ji maganata, kuma shawarar nan ta cutar da shi, don haƙurin da na ba shi na yin shiru ne kawai ba na neman mafita ba. Ya daina magana a mitin in ba an tambaye shi ba, ya daina kawo shawara, abinci ma Yaya tace sai ta yi da gaske yake ci. Wata rana da daddare muna rufe shago yace Kawu, anya kuwa na iya aikin nan, ko dai ɗan arewa kawai suke nema don a ce akwai? Kaga inda raini yake kai mutum kenan, yaron da ya hango abin da mutum shida ba su hango ba shi ne yake tambayar ko ya iya.

Sai ga duhun ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna ɗaya layin kuma ya faɗi, yawancin arewa ta yi fiye da mako ba wuta. Mu dama wutar ba kullum ba ce, amma wannan karon ko wajen masu caji layi ake, litar fetur ta haura naira 1,000, sabis ɗin ma yana zuwa yana ɗaukewa. Ya rasa mitin uku a jere kuma bai sanar da kowa ba. Da ya samu ya hau Slack, manhajar da suke tura wa juna saƙon aiki, sai ya tarar sinya ya rubuta a inda kowa ke gani cewa wannan ita ce matsalar ɗaukar mutane daga inda ba wuta. A shagona ya zauna da ragowar cajin laftof ɗinsa ya rubuta takardar ajiye aiki.

Ban hana shi ba, nace dai kafin ka tura ka buɗe min Slack da GitHub mu karanta wata shidan nan tare tun daga farko. Mun kai ƙarfe ɗayan dare da janareta. Kuma da muka karanta da sanyin rai sai muka ga ba duka abu ɗaya ba ne, shi ne ya tattara su ya ƙulle a ƙunshi guda ya sa musu suna raini. Wani laifinsa ne tsagwaronsa. Aikin da yake turawa a duba sai ya tara na sati biyu, fayil talatin lokaci guda, wa zai so ya buɗe wannan? Tikitin da ya rubuta a Agusta da na karanta shi da kaina, abin da ke ciki kawai shi ne wani lokaci bashi yana iya ninkuwa idan sabis ba kyau, ba matakan da za a bi a gani, ba hoto, ba komai, ni ma da nake kawunsa da ban san garin nan ba ba lallai in ɗauke shi da muhimmanci ba. Batun duhu kuma ko tes ɗin naira huɗu ya isa ya gaya wa manaja halin da ake ciki, kunya ce ta hana shi, wai kar a ce ya cika uzuri. Wani kuma ba mugunta ba ce nisa ne, su suna haɗuwa a ofis sau biyu a sati, su ci abinci tare su yanke magana a can, shi sai dai ya ga an riga an gama. Sannan akwai rainin gaske wanda ba yadda za ka wanke shi, aboki ɗin nan, da maganar inda ba wuta, da katse shi da ake yi shi kaɗai. Nace masa na farko naka ne ka gyara, na biyu dabara yake so, na ukun nan kuwa kayan wani ne kar ka ɗora wa kanka. Bai tura takardar ba, amma bai goge ta ba.

Gyaran nasa bai ɗauki lokaci ba. Ya karɓi fanel ɗin sola da batir biya kaɗan-kaɗan, ya ƙara layi na biyu don in MTN ya ɗauke ya koma Airtel, ya koma tura aiki ƙanana kullum. Kafin tara na safe yana rubuta layi uku a Slack, abin da ya gama da wanda yake kai da abin da ya tsayar da shi, ko muryarsa ta yanke a mitin maganar tana nan a rubuce da kwanan wata. Duk Juma'a kuma yana rubuta abin da ya yi a satin a wani littafi nasa.

Wanda ya ba shi wahala shi ne bakinsa. Mun yi ta gwadawa a shago, ni ne sinya, ya fara magana in katse shi, shi kuma ya ce ban gama ba, jimla ɗaya ta rage. Sau nawa yana kaiwa nan sai ya sunkuyar da kai yace Kawu wallahi da nauyi. Nace ba rashin kunya ba ce, ba ka ɗaga murya ba ba ka zagi kowa ba, haƙƙin aikin da ake biyanka ne. Muka cire gaisuwar mai tsawo da ban haƙurin, ya koma fara magana da abin kansa. Ranar da ya fara faɗa a mitin na gaske yace muryarsa rawa take, sinya ya yi shiru na ɗan lokaci sannan yace ci gaba. Shikenan, ba abin da ya faru, sama ba ta faɗo ba.

Batun bashin kuma ya canza hanya, ya daina neman sinya ya yarda da shi. Ya je wajen mai gwajin nan shi da ita, ya mata bayani, ta buɗe masa asusun gwaji wanda ba na manoman gaske ba. Ranar Lahadi ya hau mashin ɗina ya tafi kasuwar Gujungu, ranar da mutane suka cika sabis yake zama abin tausayi, ya samu wani ejan da suka saba ya ari wayarsa itel, ya sa wani yaro ya riƙe tasa wayar yana ɗaukar bidiyo. A bidiyon kana ganin E ɗin a sama, kana ganin abin yana ta juyawa, ya ce a sake gwadawa, ya sake dannawa, sannan ya nuna bashin ya zama biyu, ga hayaniyar kasuwa da kukan awaki a baya. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Ita kuma ta saita wayar gwaji ta cikin kwamfutarta a kan gudun EDGE, wato sabis ɗin nan mai rauni na harafin E, abin ya faru a gabanta a Legas, ta sake buɗe tikitin da sunanta da nasa. Gani ya kori ji. Sinya bai rufe ba wannan karon, amma yace a bari sai bayan rabon alkama. Yaron ya rubuta a ƙasa cewa a rabon ne abin zai fi faruwa, kuma zai shirya ɓangaren waya ya ajiye. Bai ƙara ko kalma ba.

Tsakiyar Nuwamba aka fara rabon kayan noman rani, alkama ta yankin Ringim da Auyo da Haɗejiya. Kamfanin yana tura wa manomi tes na bashin da ke kansa. Kwana na uku da hantsi ina gidan Yaya wani dattijo maƙwabcinmu ya yi sallama, kowa a garin ya san yaron a kamfanin yake, ya ciro wata tsohuwar waya da aka ɗaure bayanta da roba ya miƙa masa yace ɗan nan karanta min, jikana yace wai huɗu aka rubuta. Yaron ya karanta. Dattijon ya zauna a bakin tabarma ya cire hula yace buhu biyu na karɓa, shaiduna suna nan, ni da na kai shekarun nan ban taɓa cin haƙƙin kowa ba ina na ga huɗu? Hannunsa rawa yake. Ba kuɗin ne kaɗai ba, a ce a gari sunanka yana cikin masu bashin da ba su biya ba. Allah ya taimaka ejan ɗin yana rubuta rabonsa a littafin makaranta ban da waya, yaron ya je ya ɗauki hoton shafin ya haɗa da tes ɗin ya tura.

Kafin la'asar ƙorafi ya shigo daga wasu garuruwan, aka kira mitin na gaggawa. Manaja ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa lura da wannan, mai gwajin ba ta ce komai ba ta liƙa adireshin tikitin kawai, da kwanan watan Agusta a jiki. Yaron yace an yi shiru mai tsawo. Ɓangarensa yana shirye, saura na saba, cikin kwana huɗu aka haɗa, sannan aka yi sati biyu ana bin littattafan ejan-ejan ana goge bashin da ya ninku.

A nan ne nake so mai karatu kar ya ɗauka labarin ya zama na ɗan ƙauye ya ba 'yan birni kunya. Abin da ya fi damuna har yau shi ne sai da aka tayar wa tsofaffi hankali sannan aka saurare shi, da abin bai fashe ba da har yanzu shi ne mai kawo matsalar ƙauye. Kuma a mitin ɗin ƙarshen wata na kamfanin gaba ɗaya sinya ne ya tashi ya yi bayanin yadda aka gano matsalar da yadda ya tsara gyaran, sunan yaron bai fito ko sau ɗaya ba. Ya zo min ransa a ɓace, idonsa ja. Wannan karon ban ce masa haƙuri ba, ban kuma ce ya je guruf ya yi tonon silili ba, don da ya yi hakan za a manta da tikitin a koma maganar halinsa. Ya nemi minti 15 da manaja su biyu, ya buɗe littafinsa na Juma'a, ga tikitin Agusta ga bidiyon Gujungu ga ranar da ya gama ɓangarensa, bai ambaci sinya da mugun abu ba, yace abin da yake so shi ne a ba shi riƙon duk abin da ya shafi aikin manhajar a inda ba sabis, kuma a daina rufe tikiti ba dalili a rubuce. Ta ba shi, ta kuma sa doka cewa duk aikin da aka tura a duba shi cikin kwana biyu. Haƙuri dai ba wanda ya ba shi, albashi ma bai motsa ba, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, kuma daga aljihunsa yake saya.

Mai ce masa aboki ya fi kowa sauƙi. Ya tura masa saƙo shi kaɗai yace ga sunana, na san ma'anar kalmar nan a Hausa kuma ni da kai mun san yadda ake amfani da ita a can, ba na so. Mutumin yace wasa yake, ya ba da haƙuri, bai sake ba. Wata takwas yaron yana haɗiye abin da saƙo ɗaya ya kashe.

Ɗan Kanon ne ya fi tsaya masa a rai, ni ma haka. Sun haɗu a wani ɗaurin aure a Kano cikin Disamba, suka keɓe, yace masa ni ma da na je haka aka yi min, sai ka nuna musu kai ba irin waɗancan ba ne sannan za su ɗauke ka mutum. Yaron yace su wa kenan waɗancan? Bai amsa ba. Na fahimci ciwon da ke jikinsa, amma ban ba shi uzuri ba, mutumin da ya san zafin abin shi ya fi cancanta ya tsaya wa na bayansa, ba ya sayi wurin zama da shi ba. Suna gaisawa, aiki yana tafiya, iyakarta kenan.

Sinya bai canza ba, ya dai rage katse shi a gaban manaja. Yaron ya sa wa kansa iyaka, yace in aka sake yin maganar garinsu a inda kowa ke gani zai kai ta sama a rubuce, in ba a yi komai ba takardar ajiye aikin nan tana nan, kuma ya fara tura takardunsa wasu wuraren a hankali ba tare da ya bar na hannu ba. Yana cin abinci yanzu, yana kuma koya wa yara uku a shagona ranar Asabar, kuma na lura abu na farko da yake sa su yi kafin su taɓa kod, wato rubutun manhajar kansa, shi ne su rubuta masa matsala a layi biyar yadda wanda bai san garin nan ba zai gane.

Satin da ya wuce wata matsalar ta sake tasowa. Girbin alkama ya matso, manoma da yawa da hatsi za su biya, manhajar kuma kilo kawai ta sani, alhali a nan da tiya da buhu ake awo, kuma tiyar wannan kasuwa ba lallai ta zo daidai da ta waccan ba. Ya buɗe tikiti, sinya ya rufe, da dalili a rubuce kamar yadda doka ta ce, wai ejan-ejan su sayi sikeli. Jiya bayan la'asar na gan shi ya aro sikeli a wajen mai sayen riɗi na bakin tasha, yace ranar Lahadi zai je Gujungu ya auna tiyar mutum biyar a gaban kyamara, ya riga ya gaya wa mai gwajin. Ya tambaye ni ko mashin ɗin yana da mai, nace ya zo ya karɓi makulli bayan asuba.